Idan namu ya rasu a nesa: a kawo shi gida ko a yi masa sutura a can?

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa da wuya a sami gidan da ba shi da mutum a waje. Da an gama casa an zuba hatsi a rumbu, samari sun kama hanyar ci-rani: Legas, Ibadan, Fatakwal, Anaca, Abuja. Wani yana dako a kasuwar Mile 12, wani yana da teburin shayi a Agege, wani acaba, wani gadi. Akwai waɗanda suka tsallaka Saudiyya ko Libiya, akwai 'ya'yanmu masu karatu a Masar da Indiya da Ingila, ga dattawan da ake kaiwa asibitocin birni ko na ƙasar waje. Cikin waɗannan, wasu a can kwanansu zai ƙare. Sai waya ta shigo, bayan salati da "sai haƙuri", mai kiran ya jefo tambayar da ba ta jira: "To yanzu yaya za a yi, a taho da shi ne ko a yi masa sutura a nan?"

Wanda ake tambaya yawanci uba ne ko wa ko kawu. Hankalinsa ba ya jikinsa, kuka na tashi daga cikin gida, kowa na kawo tasa shawarar. Shi ya sa ya fi kyau a auna maganar nan tun ana zaune lafiya. Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne, matuƙar akwai Musulmin da za su wanke mamaci, su sallace shi, su sa shi a maƙabartar Musulmi, barinsa inda ya cika ya fi a mafi yawan lokuta. Amma akwai yanayin da kawo shi gida ne daidai, kuma masu son a kawo ɗin suna da hujjar da ta cancanci a saurara.

Akwai hanya ta uku da iyalan wanda ya rasu a Turai ko Amurka ko gabashin Asiya kan ji daga bakin kamfanonin shirya jana'iza na can, wato ƙona gawa. A wurinsu ba baƙon abu ba ne. A Japan kusan kowa haka ake yi masa, a Ingila wajen kashi 80 cikin 100, a Amurka ma fiye da rabi, kuma Cocin Katolika da ya daɗe yana hanawa ya sassauta tun 1963. Abin da ke jan su shi ne araha, da ƙarancin filin binnewa, da sauƙin aika toka a ɗan ƙaramin mazubi maimakon akwati. Ana sa gawar ne a tanderu mai zafin digiri 800 zuwa 1,000 na kamar awa biyu, abin da ya rage na ƙashi a niƙa shi da inji, a miƙa wa iyali garin da bai wuce kilo biyu ko uku ba. Ga Musulmi wannan ba ya cikin abin da ake zaɓa, komai arahar. A Suratu Abasa Allah Ya lissafa sa ɗan Adam a kabari cikin ni'imomin da Ya yi masa, kuma Annabi (SAW) ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Ko mamacin ne da kansa ya bar wasiyya a ƙona shi, ba a zartar da ita.

Na kawo maganar ne domin wuta tana iya cin gawar Musulmi ba da zaɓin kowa ba. A Sri Lanka, lokacin korona a 2020, gwamnati ta tilasta ƙona duk wanda cutar ta kashe, har da Musulmi, ba a janye dokar ba sai a Fabrairun 2021, sannan a 2024 gwamnatin ta nemi afuwa. Kusa da mu kuma, a 2013 gwamnan Legas na lokacin, Babatunde Fashola, ya sa hannu a dokar da ta halatta ƙona gawa ga wanda ya so, da kuma gawawwakin da suka daɗe a mutuware ba wanda ya zo nema. Ɗan ci-ranin da mota ta kaɗe a titi, ba katin shaida a aljihunsa, wayarsa ta yi ɓatan dabo, shi ne irin wanda ake rubutawa ba a san danginsa ba. A Ingila ma idan ba wanda ya fito, ƙaramar hukuma ce ke ɗaukar nauyin jana'izar, sau da yawa ta hanyar ƙonawa, sai dai doka ta hana su ƙona wanda suke da dalilin zaton ba zai so ba. Saboda haka kafin a fara muhawarar a kawo ko a bari, a tura wani ya je ya tsaya da ƙafarsa ya ce wannan namu ne, Musulmi ne, a rubuta a takarda.

Ta fuskar addini, ba a haramta ɗaukar mamaci daga wani gari zuwa wani ba, amma asali shi ne gaggawa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya yi umarni a gaggauta da jana'iza. Ranar Uhudu, da wasu suka ɗauko shahidansu za su shigo da su Madina, sai aka yi shela a mayar da su inda suka faɗi. Da Abdurrahman ɗan Sayyidina Abubakar ya rasu a wajen Makka aka ɗauko shi aka shigo da shi, Nana A'isha da ta zo kabarinsa cewa ta yi da tana nan da ba a binne shi ba sai inda ya cika. Kaburburan sahabbai ma sun isa shaida: Ja'afar ɗan Abu Ɗalib yana Mu'uta a ƙasar Jodan ta yau, Abu Ayyubal Ansari yana Santanbul, Ibn Abbas yana Ɗa'ifa. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, da Abud Darda'i ya rubuta wa Salmanul Farisi yana gayyatarsa zuwa ƙasa mai tsarki, wato yankin Sham, Salman ya amsa masa cewa ƙasa ba ta tsarkake kowa, aikin mutum ne ke tsarkake shi. Ko a tarihinmu, Sarkin Kano Alu da Turawa suka ɗauke, a Lakwaja ya rasu a 1926, kuma kabarinsa na can.

A ɗaya ɓangaren, Muwaɗɗar nan dai ta kawo cewa Sa'adu ɗan Abu Waƙƙas da Sa'idu ɗan Zaidu a Aƙiƙ suka rasu, aka ɗauko su zuwa Madina. Malaman Malikiyya, a sharhohin Mukhtasar na Khalil da ake karantawa a zaurukanmu, sun halatta ɗaukar mamaci idan akwai maslaha, kamar a binne shi cikin danginsa, ko kusa da masu ziyartarsa, ko don tsoron ruwa ya ci kabarin. Amma sun gindaya sharaɗi: kada gawar ta fashe a hanya, kada a keta alfarmarta. Aƙiƙ kuwa kwari ne a gefen Madina, tafiyar ƙafa ce. Duk nauyin maganar yana kan sharaɗin nan, kuma shi ne hanyar Legas zuwa Kano take jarrabawa.

Tsakanin Legas da Kano akwai kilomita wajen 1,000. Ko ta Ilori da Jebba da Mokwa aka biyo, ko ta Lakwaja da Abuja, tafiyar yini da kwana ce idan mota ba ta ba da matsala ba, kuma direbobi da yawa ba sa yarda su bi wasu wuraren da dare saboda 'yan bindiga. An iso Kano ma ba a iso gida ba. Akwai sauran tafiya zuwa Gaya ko Gumel ko Haɗeja, sannan a sauka daga kwalta a kama burji. Idan damina ce, mutanen fadamar Haɗeja sun san watan Agusta kan raba ƙauye da titi sai dai kwalekwale. Idan bazara ce, zafin Maris zuwa Mayu kan haura digiri 40. A haɗa da awowin da aka ɓata tun farko wajen neman takarda da neman mota da jiran a tara kuɗi. Jikin ɗan Adam ba ya jiran waɗannan. Bayan kwana ɗaya a irin zafin nan ciki ya fara kumbura, kamanni sun fara sauyawa, wari ya fara fita.

Na taɓa halartar wata jana'iza a wani ƙauye da aka kawo saurayi daga kudu a bayan motar haya, an naɗe shi a tabarma da leda, an jera buhunan ƙanƙara a gefensa da tuni suka zama ruwa. Tun daren jiya aka haƙa kabari, mutane na zaune a ƙofar gida tun hantsi, motar ba ta shigo ba sai bayan la'asar. Da dattawa biyu suka leƙa, sai suka ja liman gefe. Aka kunna turaren wuta, aka ce ba za a shiga da shi cikin gida ba. Mahaifiyarsa, wadda saboda ita aka yi duk wannan ɗawainiya, ta fito har zaure tana cewa, "Malam, ku bar ni in ga fuskarsa kawai." Liman ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ki yi masa addu'a daga nan." Daga bakin mota aka wuce da shi wurin salla. An biya kuɗin, an sha wahalar, abin da aka kawo shi dominsa kuma bai samu ba.

Za a ce ai akwai allurar da ke hana gawa lalacewa. Akwai, amma ya kamata mai yanke shawara ya san yadda ake yin ta. Ba allura ce irin ta zazzaɓi ba. Yanka ake yi a wuya ko a cinya a nemo babbar jijiya, a tura ruwan fomalin da matsi, jini ya fita. Malamai da yawa ba sa yarda da wannan sai bisa lalura, kuma son a binne mutum a garinsu ba kowa ne zai kira shi lalura ba. Sanyaya gawa a firji ya fi sauƙi a zuciya tunda ba a taɓa jikin, sai dai yana buƙatar wutar da ba ta yankewa da motar da ke da na'urar sanyi, abin da talaka ba kasafai yake samu ba. Ga kuma kwana a mutuware, inda a wasu wuraren gawa kan kwanta a buɗe a hannun waɗanda ba muharramanta ba. Idan mamaciyar mace ce, wannan kaɗai ya isa a yi tunani sau biyu.

Inda kawowa gida ke da ƙarfi shi ne idan tazarar gajeriya ce. Wanda ya cika a asibiti a cikin birnin Kano ko Dutse ko Zariya ko Kaduna, awowi kaɗan sun kawo shi gida, a wanke shi a ɗakinsa da ruwan magarya da kafur, a sallace shi bayan azahar ko la'asar. Wannan ba ya buƙatar dogon nazari, haka ake yi kuma ya yi kyau. Abuja ma tana iya shiga ciki idan da asuba aka rasu kuma mota na kusa, in kuwa an makara, maƙabartar Gudu na nan. Haka nan idan mutum ya rasu a wani lungu da babu jama'ar Musulmi, ko ana cikin tarzoma ba a aminta da kabarin ba, dole a ɗauke shi. Amma ko a nan, garin Musulmi mafi kusa ya wadatar, ba lallai sai an kai shi mahaifarsa ba.

Mutane kan kafa hujja da manya. Gaskiya ne Janar Sani Abacha ya rasu a Abuja ranar 8 ga Yunin 1998 aka binne shi a Kano a ranar, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yulin 2025 aka binne shi a Daura ranar 15. Amma waɗannan da jirgin gwamnati aka ɗauko su, ofisoshin jakadanci na tsaye a kan takardunsu. Makonni biyu kafin rasuwar Buhari kuma, Alhaji Aminu Ɗantata ya rasu a Abu Dhabi, mutumin da ba abin da zai hana a kawo shi Kano, amma a Madina aka yi masa sutura, mutanen Kano suka yi masa sallar ga'ib. Ashe ko a cikin masu hali ba hanya ɗaya ake bi ba, balle manomin da abin da ya mallaka shanun huɗa biyu ne da gona.

Maganar kuɗi ita ce ake jin nauyin faɗa a ranar mutuwa, kada a ce mutum ya fifita dukiya a kan ɗan'uwansa. Amma dole a faɗe ta. Motar da za ta ɗauki gawa shata ake yi, kuma direba na sa kuɗin zuwa da dawowa da na haɗarin hanya. Ga kuɗin mutuware, ga na takardu, ga guzurin masu rakiya, ga abin da ake rasawa a shingayen hanya idan takarda ba ta cika ba. 'Yan'uwansa na can za su yi karo-karo, sauran a ce gida su ciko. Gida kuma ba su da shi a hannu, sai a kama sa a kai kasuwa a sayar a wulaƙance, ko a jinginar da gona, ko a ci bashin da za a biya da kaka. Duk wannan a kan wa zai ƙare? A kan matar da za ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma ba ta fita nema, da yaran da mai ciyar da su ya tafi.

A shari'a, daga dukiyar mamaci ana fara fitar da kuɗin suturarsa gwargwadon abin da aka saba, sannan bashi, sannan wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan gado. Shatar mota daga Fatakwal ba ta cikin abin da aka saba. Baligin magaji yana iya ba da nasa kason da yardarsa, amma kason maraya ba wanda ke da ikon kyautar da shi, ko kawu ne ko kaka. A nan ne nake ganin ya kamata kowa ya binciki zuciyarsa, domin wani lokaci ba don mamaci ake yi ba, ba ma don uwarsa ba. Don kada a ce ne, kada mutanen gari su ce gidan wane sun bar ɗansu a ƙasar Yarabawa kamar marar gata. Wanda ya bar bashi a wuyan mamacinsa ya kashe kuɗin a kan man mota don ganin ido bai yi masa gata ba, alhali hadisi ya nuna ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya.

Duk da haka, ba na son a ɗauki kukan mata da wasa. A yawancin garuruwanmu mace ba ta raka gawa maƙabarta. Rabonta da ɗanta ko mijinta shi ne ɗan lokacin nan bayan an gama wanka an sa likkafani, a kira ta ta shigo ta durƙusa, ta dafa shi, ta ce ta yafe masa duniya da lahira, kafin maza su ɗaga makara. Idan an binne shi a nesa, wannan ne aka ɗauke mata, kuma babban abu ne. Akwai uwayen da shekaru ke wucewa suna jin kamar ɗan nan zai yi sallama wata rana, don idonsu bai gani ba. Maza kan zauna a zaure su yanke hukunci, sai dai a aika yaro ya gaya musu. Wannan ba daidai ba ne. Ya kamata babban ɗa ko ƙanin miji ya shiga ya zauna a gabanta ya ce, "Inna, ga halin da ake ciki. Idan aka taso yanzu sai jibi za a iso, kuma ba lallai a iya buɗe shi ba. Can kuma ga su wane da wane, ga limamin unguwarsu, yau ɗin nan za a sallace shi. Me kika gani?" Mafi yawan uwaye idan aka gaya musu gaskiya haka, su ne ke fara cewa kada a wahalar da shi.

Akwai abubuwan da ke rage mata raɗaɗi ko da ba a kawo shi ba. A tabbatar cikin masu wankan akwai wanda ta sani, ɗan gari ko ɗan dangi, ya kira ta bayan an dawo ya ba ta labari da bakinsa: wanda ya yi wanka, wanda ya ja salla, yawan sahu, inda aka kwantar da shi. Yafiyarta kuma tana isa gare shi daga inda take zaune. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗaukar hoton fuskar mamaci a tura ta WhatsApp, domin daga waya ɗaya sai ya zaga gari, wani lokaci har Facebook kafin ma a gaya wa matarsa. Zaman makoki dai a gida za a yi shi ko ina aka binne, maƙwabta su kawo abinci kamar yadda Annabi (SAW) ya yi umarni a yi wa iyalan Ja'afar, wanda shi ma a nesa aka binne shi. Sallar ga'ib kuwa akwai saɓani: asalinta sallar da aka yi wa Najjashi Sarkin Habasha ce, Malikiyya ba su ɗauke ta a matsayin abin da ake yi wa kowa ba, wasu malamai kuma sun halatta. A bar wa limamin gari, kada ta zama abin rigima a ƙofar gidan mutuwa.

Binnewa a can ma tana da abin dubawa. A ƙauye kabari kyauta ne, samari ke haƙa uwa da 'ya, a jera itace, a rufe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ba wanda ke karɓar ko sisi. A manyan biranen kudu fili na da tsada, sau da yawa sai an biya, kuma a wuraren da ƙasa ke da ruwa haƙar ma daban take. Amma Hausawa sun daɗe da kafuwa a waɗannan wurare. Sabo ta Ibadan ta haura shekara ɗari, Agege da Idi-Araba da Obalende duk akwai sarakunan Hausawa da limamai da mutanen da suka saba da wannan hidima. Abin da za a tambaya a waya kaɗan ne: maƙabartar ta Musulmi ce ko ɓangarensu ne a ware, wa zai yi wanka, yaushe za a yi salla, nawa ake bukata, kuma wa zai riƙe alamar kabarin. Kuɗin da za a tura don wannan bai kama ƙafar na shatar mota ba.

Idan a Saudiyya aka rasu, da wuya a ji gardama. Alhajin da ya cika a Makka ko Madina a can ake binne shi, a sallace shi a Harami, iyali ma har murna suke haɗawa da kuka. 'Yan Nijeriya da yawa da suka rasu a turmutsitsin Mina na 2015 a can aka yi musu sutura. Falalar wurin daban ce, ba a haɗa ta da ko'ina. Amma abin ya nuna cewa zuciyar uwa tana iya ɗaukar rashin ganin gawa idan ta natsu cewa ɗanta yana hannu nagari, kuma wannan natsuwar ana iya samar da ita a Ibadan ko Alƙahira.

Ɗauko gawa daga ƙasar waje ta jirgin sama kuwa aiki ne na kwanaki, wani lokaci makonni. Ana neman takardar shaidar mutuwa, da izinin hukumar ƙasar na fitar da gawa, da takardar ofishin jakadancin Nijeriya, da izinin jami'an lafiya na tashar shigowa. Yawancin kamfanonin jirage ba sa karɓa sai an yi allurar nan an kuma rufe gawar a akwatin da aka liƙe da ƙarfe, a sa ta a ɓangaren kaya. Idan jirgin a Legas ko Abuja ya sauka, akwai sauran tafiya. A biranen Ingila irin su Landan da Bamingham da Mancesta akwai masallatai masu hidimar jana'iza da maƙabartun Musulmi, don haka hujjar ɗaukowa ta yi rauni. Inda ya kamata a yi tambaya da kyau shi ne ƙasashe irin Faransa da Jamus, domin a can kabari haya ne na wasu shekaru, idan wa'adi ya cika ba a sabunta ba ana iya ba wani wurin. A irin wannan, iyalin da ke da hali suka zaɓi kawo nasu gida suna da hujja mai ƙarfi. Haka wanda ya bar wasiyya a kai shi gida, ana ƙoƙarin cika masa idan ba za ta jawo lalacewar gawa ko cin haƙƙin marayu ba.

Ko wace hanya aka bi, kada gaggawa ta sa a bar takarda. Mu mutanen karkara mun saba da cewa mutuwa ba ta bukatar shaida tunda gari duka ya gani, amma wanda ya rasu a nesa gari bai gani ba. A karɓi takardar likita kafin a bar asibiti, daga baya a yi rajista a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, domin banki da masu fansho ba sa sakin ko kwabo sai da ita. Idan haɗari ne ko kisa, a karɓi rahoton 'yan sanda kafin a binne, kada a sa hannu a takardar da ba a karanta ba don kawai a saki gawa da wuri, domin da ita ake rufe maganar diyya. A rubuta ranar rasuwar daidai, saboda takaba daga ranar mutuwa ake lissafa ta, ba daga ranar da labari ya iso ba. A kuma san mutum biyu adilai da suka ga gawar da idonsu, don ranar da za a zauna gaban alƙali rabon gado.

Mai shirin tafiya ci-rani shi ma yana da nasa. Ya riƙa yawo da katin ɗan ƙasa da lambar wani nasa a rubuce a takarda, ba a cikin waya kaɗai ba. Ya gabatar da kansa ga sarkin Hausawan inda ya sauka. Kuma kafin ya fita ya gaya wa mahaifiyarsa da matarsa a gaban shaida cewa idan ta Allah ta kasance, a yi masa sutura inda ya cika. Kalmar nan daga bakinsa tana sauke wa na baya nauyin da ba wanda zai iya sauke musu.

Idan an bar shi a can, bayan sadakar bakwai a tashi mutum ɗaya mai hankali daga gida, da ɗan abin da aka tanada na kuɗin motar da ba a kashe ba. Ya je ya yi wa sarkin Hausawa da liman da abokan zamansa godiya, a kai shi kabarin ya yi addu'a ya gane wurin. Ya zauna da abokan sana'arsa a yi lissafi: zubin adashin da bai kwasa ba, kuɗin da ya ba wani ajiya, babur ɗin da yake biya kaɗan-kaɗan, bashin mai abinci da na mai ɗaki. Ya biya abin da ake bin sa, ya karɓo abin da yake bi, ya rubuta komai a gaban shaidu, ya haɗo kayansa ya kawo wa magada.